Janiba a ƙarni na 18: rikicin gida da lamunin maƙwabta

Ranar 2 ga Yulin 1782 aka buɗe ƙofofin birnin Janiba (Geneva, a Suwizalan ta yau), sojojin ƙasashe uku suka shiga ba tare da an gwabza ba: na Faransa, na masarautar Sardiniya, da na Bern. Yawansu ya kai wajen 11,000, alhali mutanen birnin gaba ɗaya, maza da mata, yara da manya, ba su wuce kimanin 25,000 ba. Abin da ya fi ciwo a lamarin shi ne, da yardar wasu 'yan garin sojojin suka zo. Manyan gidajen da aka tumɓuke daga mulki wata uku kafin nan sun daɗe da jingina ga Faransa, kuma shekara 75 ke nan suna neman ɗaukin waje duk lokacin da 'yan garinsu suka matsa musu lamba.

Janiba ta wancan zamani jamhuriya ce mai cin gashin kanta, birni guda da 'yan ƙauyuka a gefensa. Ba ta shiga tarayyar Suwizalan ba sai 1815. Abin da ke tsakaninta da Bern da Zurik, biranen Suwizalan biyu masu mulkin kansu, ƙawance ne na tsaro da addini, domin duka ukun 'yan Furotesta ne. Ta ko'ina kuwa ƙasar wani ce ta kewaye ta: Faransa a nan, Savoy a can, wadda masu sarautarta daga baya suka zama sarakunan Sardiniya. Mutanen garin ba su manta da daren Disambar 1602 ba, lokacin da sojojin Savoy suka jingina tsani a ganuwa suka yi yunƙurin haurawa aka fatattake su. Yawancin alkamar da suke ci daga waje take zuwa. Tun 1679 kuma Sarki Louis na 14 ya ajiye wakili na dindindin a cikin birnin, mai kai wa fadar Faransa rahoton duk abin da ke gudana. Garin da ke irin wannan zama, faɗansa ba ya ɓoyuwa.

A takarda, mulki na hannun Babban Taro ne, wato taron dukan maza masu haƙƙin ɗan ƙasa, su kuwa kimanin 1,500 ne kacal. Sauran jama'a hawa-hawa suke a ƙarƙashinsu. Akwai mazauna, baƙin da aka ba izinin zama da neman abinci, da yawansu 'yan Furotestan Faransa ne da suka gudo bayan 1685, shekarar da Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin addini. Sai 'ya'yan waɗannan mazauna da jikokinsu, haifaffun gari. Mutum an haife shi a Janiba, an haifi ubansa a Janiba, bai san wani gida ba, amma ba ya jefa ƙuri'a, ba ya riƙe muƙami, abin da yake biyan hukuma ya fi na ɗan ƙasa, kuma akwai sana'o'i da harkokin fatauci da aka toshe masa. Ana iya sayen haƙƙin ɗan ƙasa, sai dai kuɗinsa ya yi ta hawa har ya fi ƙarfin mai sana'ar hannu. Can ƙasa kuma sai manoman ƙauyuka, waɗanda ba a ko sa su a lissafi.

Ko a cikin 1,500 ɗin ma, mulkin gaske yana hannun 'yan tsirarun gidaje. Ƙaramar Majalisa mai mutum 25 ita ke zaɓen 'yan Majalisar 200, ita kuma Majalisar 200 ke cike gurbin da ya faɗi a Ƙaramar Majalisa. Ka naɗa ni, in naɗa ka. Shugabanni huɗu da ake kira sindik Babban Taro ne ke zaɓensu duk shekara, amma daga cikin sunayen da majalisun suka miƙo masa. Gidaje irin su Tronchin da Pictet da Lullin da Trembley sun yi auratayya, suna zaune a tudun birni kewayen majami'ar Saint-Pierre, dukiyarsu ta banki ce da fatauci. A ƙetaren kogin Rhône kuwa, unguwar Saint-Gervais, nan maƙeran agogo suka fi yawa, mutane masu karatu da son muhawara, waɗanda suka san tsofaffin dokokin garinsu kamar yunwar cikinsu. Tambayarsu ɗaya ce, kuma a kanta aka yi kusan ƙarni guda ana ja-in-ja: in Babban Taro ne mai mulki, me ya sa ba ya ko iya zama sai an kira shi?

A 1707 wani lauya, Pierre Fatio, ya tsaya wa wannan tambaya. Shi kansa ɗan babban gida ne, kuma ɗan Majalisar 200. Buƙatun da ya jagoranta ba su da wani zafi: a riƙa ƙuri'ar sirri, a buga dokoki kowa ya gani, a rage yawan 'yan gida ɗaya a majalisa, Babban Taro ya riƙa zama a kan kari. Masu mulki suka nuna kamar sun sassauta, suka nemi Bern da Zurik su turo sojoji, da suka ji ƙafarsu ta tsaya sai suka kama Fatio suka harbe shi a gidan yari ranar 6 ga Satumba. Zaman Babban Taro na duk shekara biyar da aka yi alkawari, a 1712 aka soke shi. Darasin da manyan gidaje suka ɗauka daga wannan shekara shi ne akwai inda za a ruga in gida ya yi zafi.

Rigima ta biyu a kan kuɗi ta tashi. Majalisun sun ƙuduri gina sabuwar ganuwa mai cin dukiya, suka ɗora haraji ba tare da tambayar Babban Taro ba. A 1734 'yan ƙasa suka kai koke, ana cikin haka sai aka gano an toshe bakin igwoyin da ke ɓangaren Saint-Gervais a asirce, don kada mutanen unguwar su iya amfani da su. Gari ya ɗauki zafi, aka tsige sindik Jean Trembley. A Agustan 1737 aka yi artabu a kan titi har aka rasa rayuka. Daga nan Faransa da Bern da Zurik suka shiga tsakani, suka tsara yarjejeniyar 1738, Babban Taro ya amince da ita.

Wannan yarjejeniya ita ce ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya, kuma a ganina ita ce ta fi cutar da Janiba, duk da cewa a lokacin an yi murna da ita. A fuska ta yi adalci. Ta tabbatar wa Babban Taro ikon amincewa da dokoki da sabon haraji da yaƙi da sulhu. Ta buɗe wa haifaffun gari ƙofar zama shugabannin sana'a. Amma ta ce ba abin da zai isa gaban Babban Taro sai ya bi ta Ƙaramar Majalisa da Majalisar 200. 'Yan ƙasa na da damar kai koke, ita kuma Ƙaramar Majalisa ta riƙe cewa tana da damar hawa kujerar na-ƙi, ta ce koken ba shi da tushe, magana ta mutu a nan. Sannan ƙasashen uku suka tsaya a matsayin masu lamuni, wato su ne za su tabbatar ba a taɓa tsarin ba.

A duba abin da wannan lamuni ke nufi a aikace. Tsarin mulkin gari abu ne da mutanensa ke gyarawa in zamani ya sauya, in yawan jama'a ya ƙaru, in dukiya ta koma wasu hannaye. Daga 1738 kuwa duk gyaran da ya taɓa ikon majalisu ya zama abin da ɓangaren da bai so ba zai iya kai ƙararsa waje, ya ce an karya yarjejeniya. Mai mulkin da ya san akwai rundunar sarkin Faransa a bayansa, me zai sa ya zauna ya yi ciniki da maƙerin agogo? Su kuma masu lamunin ba alƙalai ne 'yan ba-ruwanmu ba. Faransa sarauta ce mai cikakken iko. Bern ita ma 'yan gidaje kaɗan ke mulkinta, tana kuma riƙe da yankin Vaud mai magana da Faransanci a bakin tafki ɗaya da Janiba, inda a 1723 ta sare kan Manjo Davel don ya nemi 'yantar da yankin. Babu yadda za a yi irin waɗannan gwamnatoci su fassara yarjejeniya ta hanyar da za ta ƙara wa talaka iko.

An samu kwanciyar hankali ta shekara ashirin da 'yan kai, gari ya yi arziki da agogo da banki. Sai a Yunin 1762 Ƙaramar Majalisa ta sa aka ƙona littattafai biyu na Jean-Jacques Rousseau, ɗaya kan tarbiyya, ɗaya kan tushen mulki, ta kuma ba da umarnin kama shi in ya shigo. Rousseau ɗan ƙasa ne, ɗan maƙerin agogo, haifaffen Janiba a 1712, kuma an yanke hukuncin 'yan kwanaki bayan Paris ta yi irinsa, abin da ya sa mutane da dama suka ɗauka don faranta wa Faransa aka yi. Ya ajiye haƙƙinsa na ɗan ƙasa a 1763. 'Yan ƙasa suka kai koke cewa ba a bi ƙa'ida ba, majalisa ta ƙi, suka sake kaiwa, ta sake ƙi. Tun daga nan garin ya rabu gida biyu da sunayen da suka zauna: masu koke da 'yan na-ƙi. Da masu koke suka rasa hanya sai suka koma ga makamin da ya rage musu, suka ƙi zaɓen duk sunan da aka miƙo musu. Majalisa ta kira masu lamuni. A Disambar 1766 Babban Taro ya yi watsi da shirin masu shiga tsakani da gagarumin rinjaye, ministan Faransa Choiseul ya toshe iyaka, ya kuma fara gina sabon gari da tashar jiragen ruwa a Versoix, dab da Janiba, don ya kashe mata kasuwa.

Toshewar ta taɓa aljihun kowa, har na manyan gidaje. A Maris 1768 ɓangarorin biyu suka sasanta da kansu: Babban Taro ya samu ikon zaɓen rabin sababbin 'yan Majalisar 200, da ikon sauke har mutum huɗu daga Ƙaramar Majalisa a shekara. Wannan ne sulhu mafi ma'ana da aka yi a ƙarnin, kuma shi ne wanda 'yan Janiba suka ƙulla tsakaninsu da kansu.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu koke sun cika baki da cewa mulki na jama'a ne, amma jama'ar da suke nufi su 1,500 ɗin nan ne. Haifaffun gari, waɗanda a lokacin sun fi 'yan ƙasa yawa, kuma su ne hannun da ke ƙera yawancin agogon, sulhun 1768 bai ba su wani abin kirki ba. Maƙerin da ke da haƙƙin ɗan ƙasa yana kallon haifaffen gari a matsayin abokin hamayya a kasuwa kafin ya gan shi a matsayin abokin gwagwarmaya. A Fabrairun 1770 haifaffun gari suka yi bore, masu koke suka ɗauki makamai tare da gwamnati suka murƙushe su. Mutum uku suka mutu, aka kori jagorori takwas. Wasu suka tsallaka zuwa Ferney, cikin ƙasar Faransa, inda marubucin Faransa Voltaire ya karɓe su ya kafa musu sana'ar agogo. Ina ganin a wannan wata ne masu koke suka yi asarar da ba su iya mayarwa ba. Sun nuna wa mafi yawan 'yan garin cewa 'yancin da ake ta magana a kansa ba da su ake ba, sun kuma bar wa 'yan na-ƙi da wakilin Faransa taron jama'ar da za a iya zawarcinta. Haka kuwa aka yi. Isaac Cornuaud, haifaffen gari mai kaifin alƙalami, ya riƙa fitar da ƙasidu yana jan 'yan uwansa zuwa ɓangaren manyan gidaje, da hujjar cewa daga can ne alheri zai fi saurin zuwa musu.

Sabon jinin masu koke, irin su attajiri Étienne Clavière da lauyoyi Jacques-Antoine Du Roveray da François d'Ivernois, sun gane wannan kuskure, amma a makare. Du Roveray, wanda ke riƙe da muƙamin babban lauyan gwamnati, ya fito fili a ƙarshen 1780 ya soki yadda Faransa ke tsoma baki a harkokin garin. Ministan harkokin wajen Faransa, Vergennes, ya nemi a hukunta shi, Ƙaramar Majalisa kuwa ta tsige shi a Janairun 1781. Ƙasa mai 'yanci ta sauke babban jami'inta saboda ministan wata ƙasa ya ji haushi. A Fabrairu masu koke suka karɓe iko da titunan gari, Babban Taro ya zartar da dokar da ta ba haifaffun gari 100 da mazauna 20 haƙƙin ɗan ƙasa nan take, ta kuma buɗe ƙofa ga waɗanda suka kai jika a garin. Ƙaramar Majalisa ta ƙi aiwatarwa, ta ce a ƙarƙashin bindiga aka yi dokar. Ta yi shekara guda tana jan ƙafa, domin ta san wanda ke bayanta. A cikin shekarar Faransa ta janye daga lamunin 1738, wanda hakan ya sake mata hannu, ba ta bukatar jiran yardar Zurik kafin ta motsa.

Ranar 8 ga Afrilun 1782 haƙurin haifaffun gari ya ƙare. Su suka fara fitowa, masu koke suka bi bayansu, wasu don sun yarda, wasu don tsoron kada abin ya kuɓuce musu. Aka tace majalisun biyu, aka kafa kwamitin tsaro, aka yi garkuwa da manyan 'yan na-ƙi. Jama'a, har da mata, suka duƙufa gyaran ganuwa.

Me ya sa manyan ƙasashe suka tashi runduna saboda ƙaramin gari? Vergennes yana tsoron yaɗuwar abin. Janiba gari ne na maɗaba'u da ƙasidu, da harshen Faransanci ake rubuta su, kuma iyaka ba ta tare takarda. Bern tana da irin wannan tsoro, domin a Mayun 1781 ta tura sojoji suka taimaka wajen murƙushe boren manoma a maƙwabciyarta Fribourg. Sardiniya, wadda ta amince da 'yancin Janiba a yarjejeniyar Turin ta 1754, ba ta son Faransa ta shiga ita kaɗai ta mallake wurin. Zurik ta ƙi shiga. Akwai kuma batun kuɗi. Gwamnatin Faransa ta ciyo bashi mai yawa a ƙarƙashin Jacques Necker, ɗan Janiba da ya riƙe baitulmalinta daga 1777 zuwa 1781, kuma attajiran Janiba sun zuba dukiya a wani nau'in bashi da ake biyan ribarsa muddin wani mutum da aka ambata yana raye. Sukan zaɓi 'yan mata ƙanana masu ƙoshin lafiya, talatin-talatin, su rataya jarin a kan rayuwarsu. Arzikin manyan gari ya ɗauru da baitulmalin sarkin Faransa, shi kuma sarkin yana son masu ba shi bashi su zauna daram a kan kujera. Duk wannan yana faruwa ne watanni kaɗan bayan sojojin Faransa sun taimaki 'yan tawayen Amurka sun ci Ingila a Yorktown. Ministan da ya goyi bayan jamhuriya a ƙetaren teku don ya raunana Ingila, shi ne ya danne wadda ke bakin ƙofarsa.

Jagororin juyin sun duba sun ga ba mai kawo musu ɗauki, ganuwa kuma ba za ta jure igwa ba. Cikin daren 1 ga Yuli suka yanke shawarar miƙa wuya, suka fice ta tafki. Da yawa daga talakawan da suka yi makonni suna shirin mutuwa a kan ganuwa sun ɗauki hakan cin amana. Ni ban ga laifin ƙin jefa gari a wuta ba. Laifinsu yana can baya, a shekarun da suka ɓata kafin su yarda cewa haifaffen gari ɗan gari ne.

A Nuwamba aka zartar da dokar da hukuma ta kira ta zaman lafiya, jama'a kuwa suka sa mata baƙar doka. An hana waɗanda suka shiga juyin jefa ƙuri'a a kanta. Ta soke nasarorin 1768, ta rufe zaurukan hira inda masu sana'a ke taruwa suna tattauna siyasa, ta ƙwace makaman 'yan ƙasa, ta rushe dakarun gari ta ɗora tsaro a hannun sojojin haya, ta ɗaure bakin maɗaba'u. Aka kori jagorori, wasu ɗaruruwa suka bar garin da kansu. Faransa da Sardiniya da Bern suka zama sababbin masu lamuni. Wasu daga masu hijirar sun nufi Ailan, inda hukuma ta ware fam 50,000 don gina musu Sabuwar Janiba kusa da Waterford, amma shirin ya watse, gine-ginen suka koma barikin soja.

Tsarin da aka kafa da ƙarfin waje iyakar ransa ƙarfin mai riƙe da shi. A Janairun 1789 aka ƙara kuɗin burodi, Saint-Gervais ta yi bore, Faransa kuwa a lokacin ta kanta take yi, baitulmalinta ya ƙafe. Cikin 'yan makonni aka sassauta baƙar doka. Korarrun 1782 da dama suna Paris, Clavière da Du Roveray na cikin masu rubuta wa Mirabeau, ɗaya daga jagororin juyin juya halin Faransa, jawabai, Clavière har ya zama ministan kuɗin Faransa a 1792, ya mutu a kurkuku shekarar da ta biyo. A Disambar 1792 tsohon tsari ya rushe a Janiba, aka daidaita 'yan ƙasa da haifaffun gari da mazauna da manoma, sai kuma kotunan juyin juya hali na 1794 suka zartar da hukuncin kisa a kan mutane da dama, har da 'yan manyan gidaje. A Afrilun 1798 sojojin Faransa suka sake shiga, wannan karon jamhuriya ce ta turo su, suka haɗe garin da ƙasarsu. Janiba ta zauna hedikwatar lardin Faransa har ƙarshen 1813, lokacin da sojojin Ostiriya suka iso.